Kalangu, saitin gangunan Turawa ko kiɗan kwamfuta: wanne ya cancanci kuɗin ƙaramin situdiyo?

Kaya uku muka ɗora a sikeli: saitin gangunan Turawa na Pearl Export mai ganga biyar, da kalangu da 'yan rakiyarsa irin waɗanda ake sassaƙawa a ɗaure a nan gida, da kuma manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta ta FL Studio samfurin Producer Edition. Mun auna su ne da bukatar ƙaramin situdiyo irin waɗanda suka cika Zoo Road a Kano da unguwannin Kaduna da Jos da Maraɗi: ɗaki guda na bulo da siminti, wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, mawaƙi mai rera Hausa, da masu sauraro waɗanda galibinsu a lasifikar waya za su ji waƙar.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, wanda aljihunsa bai kai ya haɗa duka ba, ya fara da kwamfuta, ya ware kuɗin kiran makaɗin kalangu duk lokacin da waƙa ta nema, ya bar saitin ganguna sai daga baya. Ga dalilai.

Saitin Pearl Export

Kamfanin Pearl na Japan ya fito da Export tun 1982, kuma har yau yana cikin saitocin da masu farawa suka fi saye a duniya. Girman da aka fi cin karo da shi: uwar ganga da ake bugawa da feda inci 22, ƙananan ganguna biyu na sama da ake kira tom, inci 10 da 12, tom na ƙasa inci 16, sai siniya, gangar mai wayoyi a ƙarƙashi da kaifin amo, inci 14. Kangon kowace ganga falle shida ne na katako da aka manne aka lanƙwasa. Ƙarafunan da ke riƙe da kayan suna da ƙwari, suna jure ɗauka da saukewa, kuma da yake girman gangunan na kowa da kowa ne, fatar Remo ko Evans tana hawa ba tare da wata dabara ba. Wannan babban abu ne ga wanda ke nesa da kasuwar Alaba ta Legas, inda yawancin kayan kiɗa ke fitowa kafin su iso Sabon Gari.

Kuɗin da mai shago zai faɗa maka ba shi ne kuɗin saitin ba. Ka tambaya ƙarara ko farashin ya haɗa da faya-fayan tagulla da kujera da feda. Sau da yawa babu faya-fayan a ciki, in kuma akwai, na farar tagulla ne mai arha, wadda amonta ke kama da na murfin tukunya, ya tashi da tsawa ya mutu nan take. Faifan kirki jan ƙarfe ne da aka gauraya da kuza: B8 na da kashi 8 cikin ɗari na kuza, B20 na da kashi 20, kuma shi ne mai daɗin amo da tsada. Mafi ƙaranci kana bukatar hayihat inci 14, wato faifai biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, da faifan kirash inci 16, da faifan rayid inci 20. Kada a ɗaure faifai tamau a kan sandarsa, kuma kada a bari robar da ke tsakanin faifan da ƙarfen ta cinye ba a sauya ba. In ƙarfe na gugar ƙarfe, ramin tsakiyar yakan yi tsawo, daga nan tsagewa ke farawa, kuma faifan da ya tsage ba ya ɗinkuwa.

Fatun roba da ke zuwa da saiti daga kamfani sukan yi saurin lotsawa a hannun mai ƙarfin bugu. Sauya na saman tom da masu falle biyu irin Remo Emperor, na siniya kuma da mai falle ɗaya mai farin shafe irin Ambassador, yana gyara amon saitin fiye da duk wani abu da za ka kashe wa kuɗi. Wajen ɗaurewa, a fara murɗa kowane noti da yatsu har ya tsaya, sannan a sa makulli a riƙa yi wa kowanne rabin juyi, ana tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi a kewaye ba. A danna tsakiyar fatar da tafin hannu ta zauna, a ƙwanƙwasa kusa da kowane noti, a daidaita har amon ya zama ɗaya ta ko'ina. In gefe guda ya fi ɗaya ɗauri, gangar za ta riƙa wani gurnani marar daɗi da babu mikisar da za ta cire shi. Uwar ganga kuma a sa mata filo a ciki ya ɗan taɓa fatar da feda ke bugawa, a shimfiɗa kafet a ƙasa don kada ta riƙa gudu gaba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da ɗaukarsa a situdiyo. Makirufo huɗu ne mafi ƙaranci: ɗaya a uwar ganga, irin Shure Beta 52A ko AKG D112, ɗaya a siniya, irin Shure SM57, biyu a sama masu bukatar wutar 48V. Wannan na nufin akwatin shigar da sauti mai baki biyu da yawancin situdiyoyinmu ke da shi, irin Focusrite Scarlett 2i2, bai isa ba. Sai mai baki huɗu, in kuma kowane tom zai samu nasa makirufon, sai mai takwas. Makirufo biyun na sama dole nisansu daga tsakiyar siniya ya zama daidai, a auna da zare. Sauti na tafiyar kimanin santimita 34 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka in ɗaya ya fi ɗaya nisa da taki guda, bugun zai isa gare su a lokuta daban, wani ɓangaren amon ya kashe wani, siniyar ta fito siririya kamar ana bugun kwali.

Sai kuma ɗaki. Bangon siminti biyu masu fuskantar juna da tayil a ƙasa suna mayar da amo kamar rijiya. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin wannan, siririn soso ma amon sama kawai yake sha ya bar gurnanin ƙasa. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri, santimita 10 ko fiye, musamman a kusurwoyi. Hana ƙara fita waje kuwa aikin gini ne, bango biyu da ƙofa mai nauyi. Saiti a hannun mai bugu sosai yana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma a lissafin NIOSH, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, kunne na iya ɗaukar desibel 85 na awa takwas, amma a desibel 100 minti 15 ne kacal. Duk mai zama a bayan saiti ya sa abin toshe kunne, kuma ya san cewa maƙwabta ma suna ji.

A dandamali ne saitin ke cin kuɗinsa. A coci-cocin Jos da Kaduna, da ƙungiyoyin da ke kiɗa a otal da manyan ɗakunan taro tare da jita da fiyano, babu abin da ke cika fili ya ɗaga jama'a kamarsa, kuma ko an ɗauke wuta shi bai san an yi ba. Amma kowace ganga a cikinsa murya ɗaya take da ita, wadda aka ɗaure ta a kai. Yana riƙe tafiyar waƙa, yana ba ta nauyi, ba ya furta kalma. A waƙar Hausa wannan gibi ne babba.

Akwai saitin lantarki irin Alesis Nitro Mesh, mai fatun raga inci 8 da ba sa ƙara, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta USB. Ga mai son bugun hannun mutum ba tare da tarin makirufo da rigimar maƙwabta ba, hanya ce mai kyau, domin kowane bugu yana shiga manhaja a gyara shi daga baya. Sai dai fatunsa ƙanana ne, hayihat ɗinsa ba ya bin ƙafa da laushi irin na tagulla, ƙurar hunturu na shiga ramukan wayoyinsa, kuma ba wuta ba kiɗa. A rufe shi da zane bayan aiki, kada a haɗa shi da janareto kai tsaye ba sitabilaiza.

Kalangu da 'yan rakiyarsa

Kalangu kango ne mai siririn ƙugu, galibi na itacen alilliba saboda rashin nauyinsa da kyawun amonsa, da fatar akuya marar kauri a kowane baki, da tsarkiyoyin fata da suka taso daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi na rataya shi a kafaɗa ya saƙale a hammata, ya buga da gula mai lanƙwasasshen kai. In ya matse tsarkiyoyin, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Tsakanin hawa da saukar nan ne duk darajarsa take.

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kunnen Bahaushe na rarrabe kalma da shi ko bai taɓa tunanin haka ba. Wuya na jiki daga sama yake farawa ya sauko, wuya ta wahala daga ƙasa take farawa ta hau. Makaɗin kalangu in zai ce na farko, a matse yake bugun farko ya saki a na biyu, in zai ce ta biyu sai ya juya. Da haka yake kiran suna, ya yi kirari, ya buga taken mutum har mai taken ya miƙe tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Shi ya sa mahauta da 'yan dambe suka riƙe shi, shi ya sa kuma a gidan biki idan wata hajiya ta fito liƙi, mai kalangu ke ja da kiɗan ya tsaya a kanta, ya maimaita sunanta har sai jakar ta yi sauƙi, sannan ya koma inda aka tsaya ba tare da kowa ya ba shi umarni ba. Babu maɓallin da ke yin wannan a kwamfuta.

Wajen saye, kada kyawun ado ya ɗauke maka hankali. Ka duba kangon a rana, ka nemi tsaga ko ƙananan ramukan ƙwaro masu zubar da gari. Ka shafa bakin ta saman fata, in akwai tudu ko kaifi, nan fatar za ta fara yagewa. Tsarkiyoyi su zama kauri ɗaya, ɗauri ɗaya, babu wadda ta bushe ta yi ƙarau. Sannan gwaji mafi muhimmanci: ka riƙa bugu a hankali kana ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Kalangu mai kyau muryarsa na hawa sumul kamar mai hawa gangare, kuma da ka saki ta dawo ƙasa nan da nan. In ta maƙale a sama, ko ta yi tsalle daga ƙasa zuwa sama babu tsakiya, ko dai fatar ta yi kauri ko tsarkiyoyin sun mutu. A gwada baki biyun, domin wanda ba a bugawa ma yana da hannu a amon. Gular kuma kanta ya zama mai faɗi da santsi, ya sauka a kan fata a kwance. Gula mai kaifin gefe tana iya fasa sabuwar fata a dare ɗaya.

Babban rauninsa yanayi ne. Da damina fata na shan raɓa ta saki, muryar ta dushe, sai an ɗan shanya shi a rana na 'yan mintoci kafin aiki. Masu gaggawa kan kanga shi a wuta, amma in aka matsa kusa fatar na ƙonewa ta yi gautsi. Da hunturu kuma akasin haka ne, fata na bushewa ta ɗaure fiye da kima, bugu mai ƙarfi ɗaya ya tsaga ta. Ɗakin situdiyo mai na'urar sanyaya ɗaki ma yana sauya muryarsa, don haka a shigar da shi ya zauna kamar minti 20 kafin a fara ɗauka, in ba haka ba baitin farko da na ƙarshe ba za su yi murya ɗaya ba. A riƙa shafa wa tsarkiyoyi ɗan man kaɗe don su yi laushi, amma kada man ya taɓa fatar bugu. A rataye shi cikin jakar zane nesa da ɓera, kada a bar shi a but ɗin mota da rana tsaka. Kuma duk makaɗin da ya san aikinsa ba ya zuwa da kalangu ɗaya.

Kalangu shi kaɗai rabin magana ne. A al'ada babban na magana, ƙananan na amsawa, kuntuku na riƙe tafiya da bugu ɗaya da ba ya sauyawa. Kotso, mai baki ɗaya da ake bugawa da hannu, muryarsa ta fi taushi da zurfi, kuma kunne na jin fada a cikinsa, don haka ya fi dacewa da waƙar sarauta da yabon manya fiye da ta rawa. Ƙwarya kuwa ita ce mafi arha da sauƙin ɗauka a duk kayan da ke cikin wannan sharhi. Wadda aka kife a kan zane ana bugunta da 'yan sanduna ko zobba tana ba da ƙas-ƙas mai kaifi da ke fita tsaf a lasifikar waya. Wadda aka kife a kan ruwa cikin baho, irin ta kiɗan amada, tana ba da dum mai zurfi da zai iya zama uwar ganga. Ana ma daidaita muryarta: a ɗan ɗaga gefenta iska ta shiga ko ta fita, amon ya sauya. A dai ɗaga makirufo daga inda ruwa ke fantsama.

Abin lura na ƙarshe shi ne, kuɗin kalangu ba a kangon yake ba, a hannun yake. Ana iya sayen kalangu da rana ɗaya, amma sa shi magana aikin shekaru ne, galibi gado. Mai situdiyo ya fi cin riba in ya ƙulla hulɗa da makaɗi ɗaya ko biyu da yake biya a kan kowace waƙa, maimakon ya saya ya rataye a bango.

FL Studio da fiyano

Tun shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa suka ginu a kan fiyano samfurin Yamaha PSR, mai kiɗa shiryayye a ciki da ake kunnawa da maɓalli ɗaya, hannun hagu na sauya masa murya. Har gobe tana da amfani a wajen biki, domin ana iya ƙara mata gudu ko a rage nan take, kuma mutum ɗaya ya wadatar. Illarta ita ce kiɗan da ke cikin ta kowa kusan iri ɗaya ne, shi ya sa waƙoƙi da yawa ke kama da juna tun daga bugun farko. Wanda ya koyi gina nasa salon ta Style Creator da ke cikin manyan samfuran ya fita daga wannan layi.

FL Studio kuwa ta kamfanin Image-Line ce ta ƙasar Beljiyam, ta fara da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990. Producer Edition muka zaɓa saboda samfurin da ke ƙasa da shi, Fruity Edition, ba a yi shi don ɗaukar murya daga makirufo ba, kuma situdiyon da ba ya ɗaukar murya ba situdiyo ba ne. Wanda ya saya sau ɗaya yana samun duk sabon samfuri kyauta har abada, abin da ba kowace manhaja ke yi ba. Ta gwaji tana barinka ka yi aiki ka ajiye, amma ba za ta sake buɗe abin da ka ajiye ba sai ka biya. Mun san da yawa fasasshiya, wato wadda ba a biya kuɗinta ba, suke amfani da ita. Ban da haƙƙin masu ita, irin wannan kan zo da ƙwayar cuta, ta rufe kanta ana tsakar aikin mutane, kuma babu wanda za ka kai wa kuka.

Ƙarfinta a bayyane yake. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD, da akwatin sauti mai baki biyu, da abin sawa a kunne, sun isa a haɗa waƙa daga farko har ƙarshe da tsakar dare ba wanda ya ji. Batir na riƙe aiki in an ɗauke wuta. Mawaƙi ya ce a ɗaga murya ko a rage gudu, cikin daƙiƙa an yi. Ga salon zamani irin hip-hop da afrobit da amapiyano, waɗanda a cikin na'ura aka haife su, nan ne gidansu. Amon 808 da ake ji ko'ina daga na'urar Roland TR-808 ta 1980 ya samo asali, ba daga wata ganga ta itace ba.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen kiɗan gida. Manhajar na buɗewa da layi mai gida 16, wato bugu huɗu kowanne an raba shi huɗu. Kiɗan gargajiyarmu da yawa kuwa uku-uku yake tafiya, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8. Wanda ya cusa irin wannan kiɗa cikin gida 16 zai ji yana ɗingishi bai san dalili ba. Maganin shi ne a shiga Piano roll, shafin da ake jera bugu da muryoyi a manhajar, a sa ma'aunin layukan a kan kashi ɗaya cikin uku na bugu, ko a sauya ma'aunin waƙar gaba ɗaya, abin da ya yi sauƙi tun FL Studio 20 ta 2018.

Kuskure na biyu shi ne barin kowane bugu da ƙarfi ɗaya. Hannun mutum bai taɓa bugu biyu iri ɗaya ba, kuma kunne na gane maimaicin na'ura ko da mai kunnen bai san sunan abin ba. A sassauta ƙarfin bugun da ke tsakani, a bar na kan gaɓa da nauyi, a tara samfuri uku ko huɗu na bugu ɗaya a cikin kayan aikin manhajar irin FPC ko Layer don su riƙa musanya. Danna maɓallan Alt da R tare na warwatsa ƙarfin, amma a yi da sauƙi, gara a gyara da hannu inda ya kamata.

Na uku, amon ƙasa. A manyan lasifikun situdiyo 808 na girgiza ƙirji, a waya kuma ya ɓace ɗungurungum, domin ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da abin da ke can ƙasa. A ɗan ƙona shi da Fruity Soft Clipper ko makamancinsa don ya haifi amo a tsakiya, ko a ɗora masa bugun ƙwaryar ruwa. Kafin a sallami waƙa a tura ta waya mai arha a saurara.

Samfurin kalangu da ke yawo a filashi daga situdiyo zuwa situdiyo shi ne ya fi ba mu takaici. Bugu ɗaya ne aka ɗauka a murya ɗaya, sai a riƙa hawa da shi da sauka a kan maɓallan fiyano. In ya hau ya gajarce ya zama na roba, in ya sauka ya yi tsawo ya dushe, kuma jan da ke tsakanin murya da murya, wanda shi ne maganar, babu shi. Zamiyar da Piano roll ke yi tana ɗan rufa asiri a bayan waƙa, amma da an tura shi gaba duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe zai gane.

Yadda ake haɗa biyun

A fara gina ƙashin waƙar a kwamfuta: uwar ganga, abin kaɗawa irin caki, fiyano, da muryar gwaji ta mawaƙi. Kafin a yi nisa a kira makaɗi ya buga kalangunsa a sake, a ji inda muryarsa ta ƙasa ta zauna. In ta yi karo da muryar waƙar, matsar da waƙar rabin mataki a kwamfuta ya fi sauƙi da aminci fiye da tilasta wa fata.

Makaɗin da ya tashi a dandali bai saba da ƙyas-ƙyas ɗin agogon manhaja ba, kuma in aka sa masa shi yakan ɗaure jiki kiɗan ya mutu. A kashe agogon, a sa masa zagayen ƙwarya ko kuntuku a kunne, abin da ya saba bi ke nan. Abin kunnen ya zama rufaffe don kada kiɗa ya zubo cikin makirufo, a bar shi ya zame kunne ɗaya ya ji gangarsa. A sa ma'ajin jinkiri, wato bafa, a kan 128: a gudun 44,100 wannan bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. In aka bar shi a 1024 ya haura kashi 23, makaɗi zai ji bugunsa na dawo masa a makare, ya yi ta jan ƙafa. In akwatin sautin na da maɓallin saurare kai tsaye, a danna shi a huta.

SM57 guda ya isa. A tsayar da shi santimita 15 zuwa 20 daga fatar da ake bugu, a karkace, ta inda gula ba za ta same shi ba. Mai kalangu ba ya tsayawa cak, jikinsa na juyawa da gangar, don haka a yi masa alama a ƙasa da salatif, a kuma ja makirufon baya kaɗan in yana da yawan motsi. In za a ƙara na biyu a bakin baya, a juya fuskar sautinsa a mikisa, domin lokacin da fatar gaba ta shiga ciki ta baya fita take yi, in aka haɗa su haka nan sai su cinye juna. A ɗauka a bit 24, bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da ƙololuwa. A kashe fanka. In ana jin zuuu a layi, a zare cajar kwamfuta a yi aiki da batir, galibi daga nan ne ko daga janareto.

A ɗauki zubi uku: na riƙe tafiya, na amsawa, da wanda aka sake shi ya yi magana yadda ya ga dama. Na ukun nan ne ake tsintar zinariya. Wajen tacewa kada a ja bugunsa a daidaita shi da layukan manhaja, ɗan gaba da ɗan bayan da yake yi shi ne abin da aka biya. Kada kuma a sa masa manhajar gyaran murya, za ta daddatse jan nan ta mayar da shi matakala. A yanke amon ƙasa, wanda bai kai 80Hz ba, don ya bar wa uwar ganga wuri, a matse ƙarfin amonsa kaɗan a manhaja da kwamfuresa, kamar uku bisa ɗaya, ba fiye da desibel uku ko huɗu ba. Kukan tsarkiya da ake ji idan ya matsa a bar shi. Da yake kalangu da muryar namiji unguwa ɗaya suke zaune, in suka yi magana tare ba a jin ko ɗaya, don haka a rage shi lokacin da mawaƙi ke baiti, a sake shi a gibin da ke tsakanin layi da layi da wajen amshi.

In makaɗin ya yarda, a yi amfani da zaman a tara samfuri na gaskiya: murya uku, ƙasa da tsakiya da sama, kowace da ƙarfi uku, kowane ƙarfi sau uku, bugu 27 ke nan, sannan ja daga ƙasa zuwa sama da daga sama zuwa ƙasa, a hankali da kuma da sauri. Amma a faɗa masa ƙarara cewa za a riƙa sa su a wasu waƙoƙin, a yi cinikin wannan daban da kuɗin waƙar ranar, a kuma rubuta sunansa a jikin fayil ɗin da cikin bayanin duk waƙar da aka sa su.